Sunan da Kwara Ya Bar wa Innata

Zuwa ga Hajiya Sa'ida,

Assalamu alaikum. Hajiya, don girman Allah ki taimake ni, kuma ki karanta takardar nan har ƙarshe kafin ki yanke mini hukunci. Na tono abin da ya fi ƙarfina, ga shi a hannuna, na rasa inda zan ajiye shi. Ki sakaya sunana, ko da yake duk matar da ta taɓa sayen turaren wuta a Liyon za ta gane ni tun kafin ta kai rabi. Na yarda ki buga. Kamar yadda za ki gani, ni ce ma ta ƙarshen sani a layinmu.

Ni 'yar Damagaram ce, shekarata hamsin da huɗu, ashirin da shida a Faransa na yi su. Da tallar atamfa a jaka na fara, gida-gida a unguwannin Pari, daga Belleville har Bobigny. Yau ina da kantina a Liyon, unguwar Guillotière, turare da leshi da shadda. Ba yabon kai ba, ni ba a yi mini wayo. Na taɓa sayar wa wata Basenegaliya leshin da ta rantse ba ta so, washegari ta dawo da ƙanwarta. Amma ga shi kalma ɗaya ta yi mini wayo shekara hamsin, kuma ni da ƙafata na je na kira mai fenti ya rubuta ta a saman ƙofata.

Innata sunanta na yanka Ummukulthum, amma ba mai kiranta haka sai likita. Galta kowa ya sani. Shekararta saba'in da takwas, fara ce sol, ga hanci, ga gashi har yanzu da saura. Ubanta mutumin Siriya ne, Kwara kamar yadda muke ce musu, sunansa Amine, ya yi awon gyaɗa a Damagaram zamanin Nasara. Kakata A'i a gidansa take aiki. Labarin da muka tashi da shi shi ne ya aure ta a ɓoye don tsoron matarsa, da aka haifi yarinya ya ɗaga ta sama ya ce Galta, wai da Larabcinsu mai tsada ke nan. Ya bar ƙasar Inna tana shekara bakwai, wai da alkawarin zai dawo. Wanda ya fassara wa mutane sunan shi ne Malam Ɗanyaro, wani majemi mai ɗan karatu, wanda ya auri A'i bayan tafiyar Kwara, ya riƙe Inna. Shi ne ma ya yanka rago ya sa mata Ummukulthum tana shekara bakwai. Mu dai mun ɗauka Kwarori ne ba su san yankan suna ba.

Zan faɗa miki gaskiya tunda shawara nake nema, na ci da jinin nan. 'Ya'yan da A'i ta haifa wa Ɗanyaro baƙaƙe ne, su da jikokinsu, wasu har yau suna sana'ar jima. Ni na laƙaba musu 'yan bagaruwa, saboda warin majema, sunan kuma ya bi su. In na je hutu, tsofaffin kayanmu nake cusawa a buhun leda in kai musu, su yi ta godiya. A bikin ɗiyar kawuna na taɓa cewa a gaban mata mu ba daga nan muka faro ba, tushenmu Sham. Kantina kuwa, shekara goma sha huɗu ke nan da allo a samansa, da ruwan zinariya: Chez Galta, wato Wurin Galta.

Ɗiyata Hafsah, haihuwar nan ce, tana karatun tarihi a jami'a a Pari. Ni na matsa mata ta nemo mana dangin Amine. Shekara biyu tana fama. Ta je har Aix, inda ake ajiye takardun mulkin mallaka, ta samo shi a jerin baƙin 'yan kasuwa: Amine, haifaffen Hims ta Siriya, mata ɗaya, 'ya'ya uku. Ba A'i, ba Inna. Na ce ai auren ɓoye ba ya shiga takardar Nasara, ta ci gaba. Sai muka yi gwajin nan na yawu da ake gano dangi da shi, ta hannun wata ƙawarta a Beljiyam tunda nan ba su yarda da shi ba. Inna ta tofa a 'yar kwalba tana dariya. Bayan wata biyu aka ce jininta ya haɗu da na wani Karim a Pari. Hafsah ta rubuta masa, ya ce kakarsa ɗiyar Amine ce, Madam Lina, tana nan da rai, shekara tamanin da uku, kuma a Damagaram ta yi ƙuruciya. Wato yayar Inna, uba ɗaya.

Inna tana wurina shekara uku ke nan, tun da aka yi mata aikin ido. Da na gaya mata, na zaci za ta fashe da kuka. Sai kawai ta ce in na je in tambaye su ko suna da hoton A'i, don A'i ta rasu ba a taɓa ɗaukarta hoto ba. Na ce to, a raina ina cewa ana maganar Sham tsohuwa tana maganar hoto. Ni na zuga ta daga baya. Na ɗinka mata shadda, na sa aka aiko da kilishi daga gida don tsaraba, na yi mata alkawarin zan kai ta ta ga yayarta.

Allah ya taimake ni na ce bari ni da Hafsah mu fara zuwa mu share hanya. Na sa leshin da ban taɓa sayar wa kowa irinsa ba, na zuba gwal, na ɗauki turaren da nake ɓoye wa manyan baƙi. Gida ne a hawa na biyar, a irin unguwannin Pari da ba a jin ƙarar yara. Karim ya buɗe mana, ya gaishe mu da ladabi, ya zame ya bar mu. Hajiya, da na ga matar nan a kujera sai na tsaya ina kallonta. Fuskar Inna ce, har yadda take matse baki. Kuma tana jin Hausa. Sai dai Hausar tata duk ta aike ce: zo, zauna, kawo, bari. Sannu ɗaya ba ta fito daga bakinta ba, hannu ma ba ta miƙo ba. Ta koma Faransanci ta tambaye mu me muke so, ko maganar takardu ce. Na ce mata na samu takardata ta 'yar ƙasa tun jikanta yana ƙaramar lakwal, wato firamare.

Sai na ce mata ƙanwarta Galta tana gaishe ta. Matar nan ta yi dariya har sai da mai kula da ita ta kawo mata ruwa. Ta tambaya wai har yanzu da sunan ake kiranta. Sannan ta yi mana bayani a hankali, tana jiran Hafsah ta gama rubuta kowace jimla. Ta ce ba wani aure. A'i mai wankinsu ce, ba ta wuce sha biyar ba, a sito take kwana kan buhunan gyaɗa. Ta ce uwarta ce ta sa sunan ranar da aka haifi yarinyar, gidan duka ya ɗauka, har shi Amine. Ma'anarsa kuskure. Ba mai tsada ba, Hajiya. Kuskure. Ta ce daga baranda sukan ƙwala mata kira ta kawo takalmi, ta sheƙo da gudu tana dariya, yarinya mai biyayya. Ta ce ubanta ba mugu ba ne, lokacin ne haka, kowane kanti da irin tasa. Ganin Inna kuwa ta ce ba ta da bukata, zuciyarta ba ta son hayaniya, a dai gaishe ta.

Hafsah ce ta tuna da maganar hoto. Aka ɗauko wani tsohon kundi, ta nuna mana su duka a baranda, da takalma da huluna. Can a gefe, rabin kafaɗarta ma bai shiga ba, wata yarinya ba takalmi, da kwanon wanki a kwankwaso da goyo a baya. Ta dangwala yatsa ta ce ga A'inmu nan. Hafsah ta ɗauka da waya. Ni ko kallon kirki ban yi masa ba. Da za mu fita, mai kula da ita ta miƙo mana buhun leda cike da tsofaffin riguna da takalma, wai Madam ta ce a kai wa mutanenmu can. Na karɓa. Har yau ban san abin da ya sa na karɓa ba.

Da na dawo Liyon na ce ƙila ƙeta ce irin ta tsofaffi. Na je wurin wani ɗan Siriya mai sayar da kayan zaƙi a layinmu na tambaye shi. Ya sunkuyar da kai, ya ce shi ya ɗauka na sani, ya zaci wasa ne na jawo masu saye. Mahaucin da ke kallon kantina ɗan Aljeriya ne, shekara goma sha huɗu kullum da murmushi yake gaishe ni. Ni kuwa ina cewa farin jini ne.

Yanzu ga inda nake. Na ce wa Inna Madam Lina tana asibiti, sai ta fito. Sati bakwai ke nan. Kullum ta idar da sallar asuba sai ta tambaye ni ko an sallame ta, har addu'a take yi mata. Shadda tana rataye, kilishi yana kabad. Hafsah ta ce ƙaryar da nake yi raini ce, Inna tana da haƙƙin sanin sunanta, ta ba ni zuwa ƙarshen wata ko ita ta faɗa. Kin san 'ya'yan nan, gaskiya a wurinsu kamar allura ce, a yi wa mutum ko yana so ko ba ya so. Ni kuma zuciyata biyu. Wata rana in ce in binne maganar har Inna ta koma ga Allah da sunanta mai tsada. Wata rana in ce in naɗa mata shaddar nan, in kwashi mata goma na ƙungiyarmu ta 'yan gida, mu hau hawa na biyar mu yi ta danna ƙararrawa har maƙwabta su fito su ga fuskar nan biyu. Lambar buɗe ƙofar gidan tana kaina, na haddace.

In faɗa mata ko in yi shiru? In kai ta ko kar in kai ta? Allon kantin fa, in sauke? Buhun ma yana nan a bayan motata, na kasa taɓa shi.

Taki,
Jikar Kwara, Liyon

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa.

An wulaƙanta ki, ba zan rage miki komai a ciki ba. Mace mai shekara tamanin da uku ta samu damar cewa ƙanwata sau ɗaya kafin ta mutu, ta zaɓi dariya. In za a yi mata adalci, tana 'yar shekara biyar ta koyi sunan nan a cinyar uwarta, uwar kuma mace ce da miji ya ci amanarta a cikin gidanta, ta kasa taɓa shi ta huce a kan jaririya. Wannan bayani ne, ba wanke su nake yi ba. Mai babban laifi shi ne wanda ya bi yarinya 'yar sha biyar sito, sannan ya buɗe baki ya kira abin da ya haifa kuskure. Shi ne tushen da kika shekara biyu kina nema.

Kin ce ba ki san abin da ya sa kika karɓi buhun nan ba. Ni ina jin na sani. Hannunki ya san nauyinsa, don ke ma kin sha cusa irinsa. Abin da Madam Lina ta yi miki a awa ɗaya, kin shekara ashirin kina yi wa ƙannen uwarki, har da laƙabi. Ke da kanki kika kawo maganar, kuma na yaba miki, ba kowa zai iya ba. Amma kar ki faɗa ki wuce.

Zancen mata goma da ƙararrawa, ki cire shi. Inna ba sanda ba ce da za ki ɗauka ki rama duka. Madam Lina tana bayan ƙofarta a zaune, ba abin da za ta rasa. Wadda za ta tsaya a matakala da sabuwar shadda, ƙofa a rufe, maƙwabta suna leƙe, ƙila har a kira 'yan sanda, ita ce tsohuwarki. An taɓa tsayar da ita a ƙasan barandarsu. Kar ki zama ke kika mayar da ita. Ki manta lambar nan.

Hafsah tana da gaskiya a abu ɗaya: ƙaryar asibiti ta isa haka. Kin sa baiwar Allah tana yi wa wadda ta yi mata dariya addu'ar samun sauƙi kowace asuba, kuma kowane sati sai kin ƙara wata ƙaryar a kai. Amma ta yi kuskure a ɗayan. Labarin nan na Inna ne, ba na mai littafin rubutu ba, kuma jika ba ta yanka wa kaka wa'adi. Ki gaya mata haka da daɗin baki, don yarinyar ta yi aiki, ita ce ma ta tuna da abin da aka aike ku.

Nan nake so ki tsaya. Malam Ɗanyaro yana da karatu, kin ce. Ina kyautata zaton ya san ma'anar kalmar nan sarai. Ya auri mace da ɗiyar da ba a yanka wa rago ba, ya yanka mata. Ya tarar da zagi manne da yarinya, ya ga ba zai ɓamɓaru ba, sai ya juya shi ya zama kirari, ya tsaya a kai har gari guda ya shekara saba'in yana kiranta mai tsada. Ke 'yar kasuwa ce, kin san irin gwanintar da wannan ke bukata. In kakan alfahari kike nema, ga shi nan yana warin bagaruwa, kuma jikokinsa kike kai wa tsumma.

Ita Innar ma, kina da tabbacin ba ta san komai ba? Ba zan rantse ba, ban san ta ba. Amma yaro ɗan shekara bakwai ko bai san kalma ba ya san muryar da ake kiransa da ita, ya san inda uwarsa take kwana. Da kika kawo mata albishir, ba ta tambayi kabarin uba ba, ba ta tambayi kamannin yaya ba. Abu ɗaya ta roƙa. Ku kuka tafi neman Amine, ita A'i take nema. Kun samo mata hotonta, kin bar shi sati bakwai a cikin waya don ba takalmi a ƙafar.

Ga abin da za ki yi, kuma a satin nan, don tunda kin ce a buga, ba za a rasa mai zuwa gaishe da Inna da labari a baki ba. Ki kai hoton wurin masu wankewa, a yanke baranda da masu huluna, a faɗaɗa A'i da goyonta sosai yadda idon da aka yi wa aiki zai gani, a sa a gilashi. Ki zauna da Inna da hantsi, ku biyu. Ki ce mata yayarta lafiyarta lau, kun je ba ta karɓe ku da mutunci ba, ba ta son ziyara, kunya ce ta sa kika yi ƙarya. Ki miƙa mata hoton, sannan ki kama bakinki, ko da yake na san wannan zai fi miki wuya. In ba ta tambayi sunan ba, kar ki ɗora mata. In ta tambaya, kar ki sake yi mata ƙarya, amma ki faɗa duka: wadda ta fara furta shi da abin da take nufi, da wanda ya karɓe shi daga baya da abin da ya mayar da shi. In kuma bayan ta ji komai ta ce duk da haka sai ta je Pari, to a rubuta wa Karim a nemi izini, a bi abin da aka amsa.

Allon kanti ba naki ba ne ke kaɗai, sunanta ne, ita za ta ce a bari ko a sauke. In ni ce, bari zan yi. Larabawan layinku sun san abin da kalmar take nufi a garinsu, ba su san abin da aka mayar da ita a Damagaram ba, kuma murmushin mahauci ba zai hana matarsa shigowa sayen turare ba. Buhun ki jefa shi a akwatin tara tsofaffin kaya na bakin titi yau ɗin nan. Kilishi ku ci abinku. Hutu mai zuwa ki tafi da Hafsah da littafinta majema, hannu da tsaraba sabuwa, ta zauna gaban kawunanki ta tambaye su wane ne uban Ɗanyaro, daga ina A'i ta fito, wa ya kai ta aiki gidan Kwara. Wannan asalin ba sai an tofa yawu a kwalba ba, masu shi suna nan da rai, in dai sun yafe miki sunan da kika sa musu. Ki fara da neman wannan.

Kin sa hannu da Jikar Kwara. Ni jikar A'i nake amsa wa, kuma da wannan sunan nake miki fatan alheri. Allah ya jiƙan A'i da Malam Ɗanyaro, ya ƙara wa Inna lafiya, ya sa ta ga fuskar uwarta da idonta kafin Juma'a.

Hajiya Sa'ida